Fitilar Cikin Silin: Yadda Za Mu Kare Gidajenmu da Majami'unmu Daga Gobara

A watan Afrilun bara mun sauka a wani masaukin baƙi a unguwar Nassarawa GRA cikin birnin Kano, mu goma sha biyu, domin horon kwana uku na ma'aikatan raya karkara. Ɗakin taron yana da kyau ƙwarai. Silin ɗin na POP ne, fari fat, an huda shi an dasa ƙananan fitilu guda ashirin a ciki, ba a ganin waya ko ɗaya. Wani dattijo daga cikinmu, wanda shi ne shugaban kwamitin gini na ikkilisiyarsu, ya ɗaga kai ya ce, "Irin wannan muke so a sabuwar majami'armu."

A rana ta biyu, wajen ƙarfe uku na yamma, sai muka fara jin ƙauri. Aka duba kicin, ba kome. Aka duba janareta, lafiya ƙalau. Mai gadin gidan, wani saurayi mai lura, shi ne ya ce ƙaurin daga sama yake saukowa. Aka kashe wutar gidan daga babban makunni, aka kira mai gyaran wuta. Da ya hau ya leƙa cikin silin, sai ya tarar da tsohon buhun siminti da magina suka bari ya rufe bayan fitila ɗaya. Buhun ya ƙone rabi. Katakon da ke gefen fitilar ya yi baƙi kamar gawayi, robar jikin waya kuma ta narke. Da a ce da dare abin ya faru, muna barci a ɗakunan da ke ƙarƙashin wannan rufi, da labarin ya sha bamban.

Dattijon nan ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye mu, "To, mu fasa ke nan? Shekara uku muna tara baiko saboda silin ɗin nan." Muka ce ba sai an fasa ba. Amma akwai abubuwan da ya kamata kowane kwamitin gini da kowane maigida ya sani kafin a huda silin.

Me ya haɗa mu da fitilun Nassarawa?

Nassarawa GRA unguwar Turawa ce a zamanin mulkin mallaka. Tsofaffin gidajenta suna da bango mai kauri da rufi mai tsawo, ƙwan fitila kuma a rataye yake a tsakiyar ɗaki, iska tana kaɗa shi. Yanzu ana rushe da yawa daga cikin waɗannan gidaje, ana gina otal-otal da ɗakunan biki da manyan gidaje masu silin POP. 'Ya'yanmu ne suke aikin, wasu leburori, wasu masu POP, wasu masu fenti. In sun dawo gida lokacin Kirsimeti sukan zo da abin da suka gani. Shi ya sa a ziyarce-ziyarcenmu a ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada da Rogo, har zuwa Malumfashi da Kafur a jihar Katsina, muna ganin sababbin majami'u da gidajen fastoci masu irin waɗannan fitilu, wasu da wutar gwamnati, wasu da janareta ko sola.

Ci gaba ne, muna kuwa murna da shi. Sai dai mu tuna da bambanci ɗaya. A birni akwai Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano da motocinta, amma duk da haka gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna. To, ina ga ƙauyen da mota za ta yi awa biyu kafin ta iso? A wurinmu rigakafi shi ne motar kashe gobara.

Ina zafin fitila yake tafiya?

Kowace fitilar lantarki tana ba da haske, tana kuma ba da zafi. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, kusan kashi 9 cikin 10 na wutar da yake sha zafi yake zama. Idan a rataye yake, iska tana kwashe zafin. Amma fitilar da aka dasa cikin silin, fuskarta ce kawai take cikin ɗaki. Jikinta da wayarta suna sama, tsakanin silin da kwano, inda ba iska, ba kuma mai gani.

Wannan wuri dama yana da zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa digiri 40, ƙarƙashin kwano yakan kai digiri 60 ko fiye. A can ne busasshen katako yake, da ƙura, da yanar gizo-gizo, da sheƙar ɓera ko ta tsuntsu, da guntayen leda da buhu da magina suka watsar.

Fitilun cikin silin iri biyu ne a kasuwa.

Na farko shi ne halojin. Ƙaramin ƙwai ne mai haske ja-ja, yawanci wat 35 ko 50. 'Yar kwalbar da ke cikinsa sai ta kai digiri 250 ko fiye kafin ta yi aiki daidai, haka aka ƙera ta. Wasu ma an yi bayansu yadda zai tura zafin sama, domin kada ya dami mutanen da ke ɗaki. Busasshen katako yakan kama wuta a wajen digiri 250 zuwa 300. Robar da ke jikin wayar gida kuma an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba. Idan ya wuce haka, takan bushe ta farfashe, ko ta narke.

Na biyu shi ne LED, mai wat 5 zuwa 7, wanda haskensa ya yi daidai da na halojin mai wat 50. Bari mu yi lissafi. Halojin ashirin masu wat 50 sun zama wat 1,000, wato kamar a kunna dutsen guga a ajiye shi cikin silin tun safe har dare. LED ashirin masu wat 6 kuwa wat 120 ne kawai. Saboda yawan shan wuta, Tarayyar Turai ta hana sayar da ƙwayayen halojin kashi-kashi a 2016 da 2018, Ingila ma ta hana yawancinsu a 2021. Amma har yanzu ana samunsu a tsofaffin gine-gine da cikin kayan gwanjo, kuma irinsu ne muka tarar a masaukin nan.

Kada mu ɗauka cewa LED ba ya zafi sam. Bayansa yakan yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba. Yana kuma da wani ɗan akwati da ke rage ƙarfin wuta kafin ta shiga ƙwan. Idan akwatin na banza ne, ko an rufe shi da tarkace, shi ne yakan fara narkewa.

Akwai abu ɗaya game da katako da mutane da yawa ba su sani ba. Katakon da ya yi shekaru yana shan zafi kaɗan-kaɗan yakan bushe ya riƙa komawa gawayi, har ya iya kamawa a zafin da bai kai na sabon katako ba. Don haka maganar "ai shekara biyar muna amfani da ita, ba abin da ya faru" ba hujja ba ce.

Darasi daga wata ƙasa

A 2009 gwamnatin Ostireliya ta fara wani shiri na shimfiɗa abin tare zafi da sanyi a cikin silin gidaje, an kuma yi wa gidaje sama da miliyan ɗaya. An yi aikin da gaggawa, ma'aikata da yawa ba su sami horo ba, wasu suka shimfiɗa abin a kan fitilun cikin silin. An sami gobara sama da 200 a gidajen da aka yi wa aikin, aka kuma dakatar da shirin a watan Fabrairu na 2010. Ƙa'idar wayarin da ƙasar ta fitar a 2007 ta ce a bar santimita 20 tsakanin fitilar halojin da katako ko abin tare zafi. A Amurka ƙa'idar ta ce a nisanta abin tare zafi da inci 3 daga fitila, sai dai in fitilar tana da alamar IC, wato an ƙera ta yadda za a iya rufe ta.

Mu ba mu cika sa irin wannan abu a silin ba, amma muna da namu. Mun ga gidajen da aka shimfiɗa katifar soso ko kwali ko buhu a kan silin don rage zafi. Mun ga majami'ar da ake ajiye tsofaffin tabarmi da kayan wasan Kirsimeti a can sama. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Santimita 20 kusan taƙi ɗaya ne na babban mutum. Ma'auni ne da kowa yake ɗauke da shi a hannunsa: taƙi ɗaya ta sama, taƙi ɗaya ta kowane gefe, kada kome ya taɓa fitila.

Irin silin ma yana da muhimmanci

POP ba ya cin wuta. Ana yinsa da garin wani farin dutse mai laushi, idan ya daskare kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a ciki. Idan wuta ta tashi a ɗaki, wannan ruwa yakan fita a matsayin tururi, ya jinkirta wutar kafin ta kai ga katakon rufi. Amma kowane rami da aka huda don fitila ƙofa ce da wuta da hayaƙi za su bi. Silin mai rami talatin ba zai tsare rufi kamar mai rami goma ba. Akwai fitilun da aka yi musu wani abu a baya wanda yake kumbura idan ya ji wuta, ya toshe ramin na minti 30 ko 60 ko 90. Suna da tsada, amma sun dace da gidan bene inda mutane suke kwana a sama.

Silin roba, wato PVC, yakan fara laushi tun a wajen digiri 80. Idan ya ƙone yana ɗigowa, hayaƙinsa kuma guba ne mai ƙona ido da maƙogwaro. Kada a taɓa sa halojin a cikinsa. Silin kwali da na falanki suna cin wuta. Silin zana, tabarma, leda ko buhu kuwa, kada a dasa kowace irin fitila a cikinsa. A rataye ta a ƙasa inda ake ganinta.

Waya da mahaɗa

Sau da yawa wurin da aka haɗa waya ne yake ta da gobara kafin ƙwan kansa. Kowace fitila tana da mahaɗa aƙalla ɗaya, don haka fitila ashirin mahaɗa ashirin ke nan a ɓoye. Idan aka murɗa waya biyu aka naɗe da salatif, zafin kwano zai sa salatif ya saki. Mahaɗar da ta yi sako-sako takan yi zafi, ta yi tartsatsi. Ya kamata kowace mahaɗa ta kasance a cikin ɗan akwatinta mai murfi, an ɗaure ta da kusa mai murɗawa.

Wayar fitilu ita ce mai kauri 1.5, ta soket kuma 2.5. A nemi mai tambarin NIS na hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Akwai jabun waya da aka shafa wa jan ƙarfe a baya kawai. A kankare bakinta da wuƙa. Idan cikin ya fito fari, ko maganaɗisu ya kama ta, a mayar wa mai ita. Araha ba ta ado. Waya ta bi ta cikin bututun roba, domin ɓera yana son gaigayarta.

Layin fitilu ya kasance da nasa bireka, mai amfiya 6 ko 10. Aikin bireka ko fiyus shi ne ya yanke wuta kafin waya ta ƙone. Wanda ya ɗaure fiyus da waya mai kauri domin kada ya riƙa tsinkewa, ya kori mai gadinsa da hannunsa.

Masu sola su lura da wannan. Mutane suna cewa wutar batir ba ta da haɗari domin ba ta jan mutum. Gaskiya ne bolt 12 ba ta jan mutum, amma tana ƙona waya. Abin da yake shan wat 50 a wutar gwamnati mai bolt 230 bai kai rubu'in amfiya ɗaya yake ja ba. A batir mai bolt 12 kuwa ya fi amfiya 4. Saboda haka wayar sola tana bukatar kauri, tana kuma bukatar fiyus kusa da batir. Siririyar wayar rediyo ba ta isa ba.

Wutar gwamnati ma takan zo da ƙarfi fiye da kima. Idan wayar da ake kira nutural ta tsinke a kan layi, ƙarfin wutar da ke shiga wasu gidaje yakan haura har kusan bolt 400, 'yan akwatunan LED kuma su ne sukan fara ƙonewa. Don haka idan an ɗauke wuta, a kashe makunnai. Sau da yawa ana tashi daga sujadar yamma cikin duhu, a kulle majami'a a bar kome a kunne, wuta ta dawo da tsakar dare ba kowa a wurin.

Kafin a fara aiki

Tun ran gini, ran zane. Ga abin da muke ba kwamitocin gini shawara:

• A ɗauki mai wayarin da ya koyi aikin, a tambaye shi takardar shaidarsa. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ce take ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Mai POP gwani ne a nasa aikin, amma haɗa waya ba aikinsa ba ne.

• A sayi LED kawai, mai bayan ƙarfe wanda yake fitar da zafi. A rage yawan ramuka. Fitilar da ake mannawa a fuskar silin ba tare da babban rami ba ta fi sauƙin kulawa.

• A auna wurin kowane rami tun kafin a rufe silin, domin kada ya faɗa kusa da katako.

• A bar ƙofar shiga silin wadda mutum zai iya wucewa ta ciki. Wasu suna ƙinta wai tana ɓata ado. Silin da ba shi da ƙofa ba a iya duba shi sai an fasa.

• Kafin a biya kuɗin ƙarshe, mutum biyu daga kwamiti su hau da tocila su ga cewa an share tarkace duka, kowace mahaɗa kuma tana cikin akwati.

Idan an riga an sa fitilun

A duba cikin silin sau biyu a shekara, kafin hunturu da kuma kafin bazara. A kashe wuta daga babban makunni, a kashe janareta da inbata. A hau da sassafe kafin kwano ya yi zafi, a taka katako kawai, domin silin ba ya ɗaukar nauyin mutum. A cire duk abin da yake kusa da fitila. Idan an ga halojin, a sa mai gyaran wuta ya canja shi.

Ga alamun da bai kamata a yi wasa da su ba: ƙauri ko warin roba, baƙi ko ruwan ƙasa a kewayen fitila, fitila mai ƙyaftawa ko mai ƙara kamar ƙudan zuma, ƙwan da yake yawan mutuwa a rami ɗaya, da bireka mai yawan faɗuwa. Idan rufi yana yoyo kusa da fitila, a kashe layin har a gyara. Mata da yara su ne suka fi zama a gida, su ne kuma sukan fara jin ƙauri. A koya musu inda babban makunni yake, a kuma saurare su idan sun yi magana.

Akwai wata 'yar na'ura mai batir da ake mannawa a silin, wadda take ƙara idan ta ji hayaƙi. Ana samunta a shagunan kayan wuta a Kano. Ta dace da gidan fasto, da ɗakin kwanan ɗalibai, da ƙaramin asibitin ikkilisiya.

Idan wuta ta tashi

1. A yi kururuwa, a fitar da kowa. Yara da tsofaffi da marasa lafiya su ne na farko. A taru a wuri ɗaya a ƙirga mutane.

2. A kashe babban makunni da janareta da inbata. A tuna cewa faifan sola yana ci gaba da ba da wuta muddin akwai rana.

3. Kada a watsa ruwa a kan waya ko fitila sai an tabbata an yanke wuta. Tukunyar kashe gobara mai gari ita ce ta dace, yashi kuma yana taimakawa ga abin da ya faɗo ƙasa.

4. Idan hayaƙi yana fitowa da ƙarfi daga silin, kada a buɗe ƙofarsa. Iska za ta hura wutar, garwashi kuma zai zubo wa mai buɗewa.

5. Hayaƙi sama yake tashi, don haka a fita da rarrafe. Silin POP yana da nauyi, yakan rufto idan katakon da ke riƙe da shi ya ƙone. Kada kowa ya koma ciki saboda kaya.

6. A kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa, ko ofishin kashe gobara mafi kusa. A rubuta lambar ofishin a bangon majami'a tun yau.

Mun sani saboda tsaro wasu ikkilisiyoyi suna rufe ƙofofi lokacin sujada. Idan haka ne, a sa sakata daga ciki maimakon kwaɗo, a kuma ajiye mutum a bakin kowace ƙofa. Ƙofar da take buɗewa waje ta fi kyau ga taron jama'a.

Bayan wata huɗu mun ziyarci ƙauyen dattijon nan. Kwamitinsu ya rage fitilun daga talatin zuwa goma sha shida, duka LED. Rarar kuɗin suka sayi waya mai kyau da tukunyar kashe gobara biyu. Sun bar ƙofar silin a bayan bagadi, sun kuma ba shugaban matasa aikin hawa ya duba kowane Oktoba da Fabrairu, ya ba da rahoto a taron dattawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Wace irin fitila da wane irin silin muke da su a majami'armu da gidan fasto? Wane ne ya haɗa wayar?

• Yaushe rabon da wani ya leƙa cikin silin ɗinmu? Me muka ajiye a can?

• Mutum nawa ne a cikinmu, har da Zumuntar Mata da matasa, suka san inda babban makunni yake?

• Idan wuta ta tashi ranar Lahadi ana cikin sujada, ta wace ƙofa yara za su fita, wa zai kula da su?

• Wa za mu ɗora wa nauyin dubawa kafin hunturun bana?